Sauri Ya Haifi Nawa: Wa Ke Gwada Manhajar da Ke Ƙara wa Manhaja Gudu?

  

Batun wannan mako daga gida muka taho da shi. A hutun da ya wuce muna Kwargaba, cikin ƙaramar hukumar Wurno, muna zaune a rumfar mai cajin waya bayan la'asar, sai wani ƙanenmu ɗan aji biyar ya miƙo mana wayarsa. Ya sauke wata manhaja daga cikin irin waɗannan da ke alƙawarin za su ƙara wa waya gudu, mai hoton roka da tsintsiya. Ya ce, "Yaya, don Allah wannan da gaske tana aiki?" Muka ce masa, kai da kake amfani da ita me ka gani? Ya ce yana jin kamar wayar ta ɗan yi sauri. Muka ce to, mu ɗauka ta yi saurin, ta yaya ka san ba ta ɓata wani abu ba a wajen yin saurin? Ya yi shiru, mai caji ya yi dariya, aka shiga wata hirar.

Tambayar ba ta bar mu ba har muka koma makaranta, domin mu kanmu ta taɓa kayar da mu a gaban malami, za mu ba ku labarin a gaba. Kuma akwai wata manhaja ta gaske, ba irin mai hoton roka ba, wadda ta yi shekaru fiye da goma tana wannan aiki na ƙara sauri a cikin kwamfutoci masu yawa a duniya. Sunanta prelink. Yadda aka riƙa gwada ta, da abin da gwajin ya kama, da wanda ya kasa kamawa, shi muke so mu duba tare.

Me ake jira idan an taɓa manhaja?

Kafin nan sai mun san abin da ke faruwa a ɗan lokacin nan da kake kallon fuskar waya ko kwamfuta kana jira manhaja ta buɗe.

Babu maginin manhajar da ke rubuta komai da kansa tun daga tushe. Yadda za a zana harafi a allo, yadda za a buɗe hoto, yadda za a matse fayil ya ƙanƙance, yadda za a aika saƙo ta intanet, duk wasu sun riga sun rubuta umarnin yin waɗannan sun tara a cikin wasu fayiloli da ake kira laburare. Sunan ya dace, domin aro ake zuwa yi. Manhajoji ɗari suna iya dogara da laburare ɗaya, kamar yadda gonaki da yawa a fadamun Wurno da Goronyo ke shan ruwa daga hanyar ruwa guda. A kwamfutocin da ke amfani da babbar manhajar Linux akwai wani laburare da ake kira glibc, wanda kusan kowace manhaja a cikin na'urar sai ta ara daga gare shi.

To idan ka taɓa manhaja, akwai wani ɗan ma'aikaci a cikin na'urar, mu kira shi mai haɗi, wanda ke fara tashi. Zai duba jerin laburaren da manhajar take bukata, ya nemo su, ya ɗora su a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kowane ya ba shi mazauni. Daga nan sai babban aikin: duk inda manhajar ta ce "a kira mini aiki kaza", sai ya binciko a wane laburare aikin yake, a wane adireshi ya zauna yau, ya cike gurbin.

Ku ɗauki misalin zauren jarrabawa. A ce kowace safiya ɗalibai ɗari biyar su taru a ƙofa, babu lamba a kan kujeru. Mai sa ido ya zaunar da kowa, sannan ya ɗauki takardun amsa masu suna, ya riƙa kiran suna ɗaya-ɗaya yana neman inda mai shi ya zauna. Kafin a fara rubutu an ci rabin awa. Gobe a sake. Haka mai haɗi yake yi duk lokacin da aka buɗe manhaja. A ƙaramar manhaja ba a ko lura. Amma a farkon shekarun 2000, manyan manhajoji irin su OpenOffice.org, wadda ake rubutu da lissafi da ita, suna jawo laburare masu yawa da gurabe dubbai da za a cike, ga kwamfutocin lokacin ba ƙarfi. Mutum ya danna, ya zauna yana jira.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Wani injiniya a kamfanin Red Hat mai suna Jakub Jelínek ya ɗauki matsalar, ya rubuta prelink, kuma a 2004 ya fitar da dogon bayani kan yadda take aiki. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Tunda laburaren nan ba kullum suke sauyawa ba, me zai hana a yi lissafin sau ɗaya tun da wuri? Sai prelink ta bi duk laburaren da ke cikin kwamfuta ta yanka wa kowane mazauni na dindindin, ta binciko adireshin kowane aiki, ta rubuta amsar a cikin fayilolin. Wato a rubuta lamba a kan kujeru tun daren jiya, a ɗora wa kowa takardarsa a kai. Da safe kowa ya wuce wurinsa kawai.

Idan kuma an sauya wani laburare fa, an kawo sabo? Nan ma an yi tanadi. Prelink tana ajiye lokacin da ta taɓa kowane laburare da wata lamba da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, kamar zanen yatsa. Mai haɗi zai fara duba waɗannan. In sun dace, ya yi amfani da shirin da aka yi. In ko ɗaya ya saɓa, ya watsar da shirin ya koma tsohuwar hanya mai jinkiri. Rarrabe-rarraben Linux irin su Fedora sun sa prelink tana tashi da kanta kowace rana tana gyara abin da ya sauya.

Yanzu ga inda hatsarin yake, kuma a nan muke so ku tsaya ku yi tunani. Prelink ba a gefe take rubuta bayananta ba. Cikin ainihin fayilolin manhaja da na laburare take shiga ta sauya lambobi, har da glibc ɗin nan da kowa ke dogara da shi. In ta yi kuskuren adireshi ɗaya a cikinsa, ba manhaja ɗaya ce za ta mutu ba. Mai buɗe fayil zai ƙi tashi, mai kwafe fayil zai ƙi tashi, har wanda za ka yi amfani da shi ka gyara ɓarnar shi ma zai ƙi tashi. Duk wannan kasada kuma don a rage jiran da bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Irin wannan kayan aiki ba a amincewa da shi don mai shi ya ce "na gwada a kwamfutata ya yi".

Gwajin da ke gudanar da kansa

Shi ya sa prelink ta zo da tarin gwaje-gwaje a tare da ita. Ba mutum ne ke zama yana danna wannan yana danna wancan ba. Ƙananan manhajoji ne aka rubuta waɗanda aikinsu kawai su jarraba babbar. Maginin ya rubuta umarni ɗaya, su tashi su yi ta gudu ɗaya bayan ɗaya, kowane ya dawo da hukunci.

Ga yadda gwaji ɗaya yake tafiya. Zai ƙera wani ɗan laburare da 'yar manhaja da ke ara daga gare shi, waɗanda an riga an san amsar da ya kamata su bayar. Ya ajiye kwafinsu na asali a gefe. Ya sakar musu prelink ta yi aikinta. Ya tashi 'yar manhajar ya ga ko har yanzu tana ba da amsar da aka sani. Sannan mataki na ƙarshe, wanda mu ya fi burge mu: a umarci prelink ta warware abin da ta yi, a ɗauko abin da ya fito a gwada shi da kwafin asali, bayit da bayit, wato ƙwaya-ƙwaya na abin da ke cikin fayil. In an sami bambanci ko na ƙwaya ɗaya, gwaji ya faɗi. Kamar ka ba tela aron riga ya rage mata tsawo bisa sharaɗin in ka bukata zai mayar da ita yadda take, har zaren ƙarshe.

Wannan warwarewa tana da amfani na biyu. Manhajar da ke kula da shigar da kaya a Red Hat da Fedora tana iya duba ko wani ya taɓa fayilolin kwamfuta a ɓoye. Tunda prelink ta riga ta sauya su, da duk sai su fito a matsayin waɗanda aka taɓa. Sai ake warware aikinta na ɗan lokaci a duba asalin. In warwarewar ba ta cika daidai ba, ba yadda za a bambance aikin prelink da aikin ɓarawo.

Kuma ba gwaji ɗaya ba ne. Akwai na laburaren da ke ara daga wani laburaren, shi ma yana ara daga wani. Akwai na inda laburare biyu ke da aiki mai suna iri ɗaya, kamar ɗalibai biyu masu suna ɗaya a aji, a ga wanne za a ɗauka. Akwai na manhajojin da aka rubuta da yaren C++, waɗanda su suka fi wahalar da mai haɗi. Sannan duk waɗannan sai an maimaita su a kan nau'o'in masarrafa daban-daban, na Intel da PowerPC da sauransu, domin kowace da yadda take rubuta adireshi.

Me ya sa sai na'ura ce za ta yi, ba mutum ba? Domin mutum yana gajiya. Ranar farko zai duba abu hamsin da kyau. Rana ta goma zai ce ai jiya ma lafiya lau, ya duba biyar ya tafi. Alhali yawancin ɓarna a manhaja daga ƙaramin gyara take fitowa, wanda aka yi don magance wata matsala sai ya tayar da wadda aka binne bara. Shi ya sa al'adar maginan kirki ita ce duk kuskuren da aka kama a rubuta masa gwajinsa na musamman, ya zauna a cikin tarin har abada. A yau manyan ayyuka sun ɗaure abin ta yadda duk wanda ya kawo gyara, ko na layi ɗaya ne, wasu kwamfutoci za su tashi da kansu su gudanar da gwaje-gwajen kafin a karɓa.

Manomanmu sun san irin wannan tun kafin kwamfuta. Malaman gona suna koyar da cewa kafin ka zuba irin albasa ko na shinkafa a fage, ka ƙirga ƙwaya ɗari ka shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, bayan 'yan kwanaki ka ƙirga nawa suka tsiro. Kuma irin bara da ya ci gwajin bara, bana ma sai an sake gwada shi, domin ba ka san abin da ajiya ta yi masa ba.

Yadda muka sha kunya

Ga labarin da muka yi alƙawari. A zangon karatu na biyu na bara an raba mu rukuni-rukuni, aka ce kowane ya gina manhaja da yaren Python. Mu uku muka zaɓi manhajar haɗa sakamakon jarrabawa: a shigar da maki, ta tara, ta fitar da matsakaici da matsayin kowa a aji, ta buga katin sakamako. Mun zaɓe ta ne saboda mun sha ganin malamanmu na sakandare suna kwana da kalkuleta a ƙarshen zango.

Ta yi aiki, amma tana nawa wajen buɗewa, saboda tana ɗauko manyan laburare uku tun a farko, har da na buga kati wanda sai a ƙarshe ake bukatarsa. Ɗaya daga cikinmu ya kawo dabara: kada a ɗauko laburare sai lokacin da za a yi amfani da shi. Gyaran bai wuce layi huɗu ba. Manhaja ta koma buɗewa kafin ka ɗaga yatsa. Muka buɗe, muka rufe, muka sake buɗewa, muna ta tafawa. Abin da muka gwada ke nan, buɗewa.

Ranar gabatarwa babu wuta tun dare, batirin kwamfutar da muka yi aikin a kanta ya mutu. Muka kwafe manhajar zuwa ta wani abokinmu. Ta buɗe nan take, muka ce alhamdulillahi. Muka shigar da maki a gaban malam, lissafi ya fito daidai. Malam ya ce, "To ku buga mini katin ɗalibi na farko." Muka danna. Sai jan rubutu ya cika allo. Laburaren buga kati babu shi sam a wannan kwamfutar.

Ku lura da abin da ya faru. Da ba mu yi dabarar saurin nan ba, da tun a ɗaki, lokacin da muka kwafe, manhajar za ta ƙi buɗewa ta gaya mana abin da ya ɓace, mu gyara cikin minti biyar. Saurin da muka ƙara shi ya ɗauke matsalar daga inda za mu gan ta ya kai ta inda malam zai gan ta. Malam bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: ina gwajinku? Muka kalli juna. Makin da muka rasa ranar har yanzu yana mana ciwo.

Bayan nan muka zauna muka rubuta gwaji. Muka ƙirƙiri ajin ƙarya mai ɗalibai biyar, muka lissafa sakamakonsu da hannu a takarda, muka sa gwajin ya bi manhajar tun daga buɗewa har buga kati. Muka sa biyu daga cikin ɗaliban su yi kunnen doki, muka sa ɗaya bai zauna jarrabawar lissafi ba, muka ba ɗaya suna mai harafin ɗ da ƙ. A gudun farko ya tono mana abin da ba mu taɓa sani ba: haruffan nan masu lanƙwasa suna fitowa a katin a matsayin akwatunan banza. Da an kai manhajar wata makaranta a Rabah ko Goronyo, da ɗalibai da yawa sun karɓi kati da sunan da ba nasu ba.

Abin da gwaji ba ya gani

Kada ku ɗauka daga an ce gwaji ya wuce shi ke nan an tsira. Gwaji yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai.

A tsarin da prelink da ayyuka da yawa irinta ke bi, hukuncin gwaji iri uku ne: ya ci, ya faɗi, ko an tsallake shi. Ana tsallakewa ne idan kwamfutar ba ta da wani abu da gwajin ke bukata. Mai gaggawa sai ya duba ya ga babu wanda ya faɗi ya yi murna, bai ƙirga nawa aka tsallake ba. Ɗalibin da bai shiga jarrabawa ba ai ba a cewa ya ci.

Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wata 'yar sabuntawa. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows ne suka durƙushe. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga rikici a ƙasashe da dama. Da kamfanin ya fitar da bayanin musabbabi, sai ga shi wani sashe na manhajar yana sa ran bayanai 21, ana ba shi 20. Suna da gwaje-gwaje, kuma sun wuce, amma babu wanda a cikinsu ya taɓa neman na ashirin da ɗayan da gaske.

Wanda ya fi kusa da ku shi ne na JAMB. Ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar, Farfesa Is'haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an sami kuskure a na'urorinsu wanda ya shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, a Legas da jihohin kudu maso gabas. Bayanin da aka yi shi ne an yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai zauna daidai a kan wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke tattara amsoshi ba. Aka sa waɗanda abin ya shafa suka sake zama. Namu yankin bai shiga ciki ba, amma duk wanda ya taɓa tasowa daga ƙauye da asuba, da kuɗin motar da aka sayar da buhun albasa aka haɗa masa, don ya je cibiyar jarrabawa a cikin Sakkwato, ya san abin da "a sake zama" yake nufi. Mu dai a ganinmu amsa laifi a bainar jama'a abin yabo ne. Amma darasin fasahar daidai yake da namu na gaban malam: ba a kwamfutar da ka yi aiki kaɗai ake gwadawa ba, har wadda za a yi amfani da ita.

Ita kanta prelink abin da ya kawo ƙarshenta ba faɗuwar gwaji ba ne. Ku koma zauren jarrabawarmu. In kujerar kowa tana nan ba ta sauyawa, mai niyyar satar amsa ya san daidai inda gwanin aji yake zama, zai shirya tun daga gida. Haka masu kutse suke: in sun san adireshin da kowane aiki yake zaune a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sun sami rabin hanya. Maganin da masana tsaro suka kawo shi ne a riƙa yamutsa mazaunin duk lokacin da aka buɗe manhaja, kuma Linux ta shigar da wannan cikin ginshiƙinta a 2005. To ga prelink tana cewa kowa ya zauna wuri ɗaya, ga tsaro yana cewa kada kowa ya kwana biyu a wuri ɗaya. An yi ƙoƙarin sasantawa, aka sa prelink ta riƙa sake rabon mazauni bayan kowane mako biyu, amma mako biyu ya ishi ɓarawo. A 2006 kuma aka samar da wata hanyar neman suna mai sauri a cikin mai haɗi shi kansa, kwamfutoci suka ƙara ƙarfi, ribar prelink ta yi ta raguwa. A 2015 Fedora ta koma gina manhajojinta ta yadda za a iya yamutsa mazauninsu gaba ɗaya, wanda prelink ba ta iya aiki a kansu. A 2022 masu kula da glibc suka cire sashen da ke fahimtar aikinta. Gwaje-gwajenta suna tambaya ne ko manhaja na ba da amsa daidai. Ko ɓarawo ya sami sauƙi, wannan wata tambaya ce da sai mutum ya zauna ya yi tunaninta.

Wani labarin kuma ya nuna amfanin mutumin da ba ya raina ƙaramin jinkiri. A watan Maris na 2024 wani injiniya Bajamushe mai suna Andres Freund yana auna gudun wata manhajar adana bayanai, sai ya lura shiga kwamfutarsa daga nesa ya ƙara kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa. Bai share ba, ya bi diddigi, har ya gano an dasa ƙofar sirri a wani laburaren matse fayil na manhajar xz, wadda ke fara aiki tun lokacin da mai haɗi ke ɗora laburare. Ranar 29 ga watan ya sanar da duniya, kafin abin ya kai ga mafi yawan kwamfutoci. Ku san inda aka ɓoye mugun kayan? A cikin fayilolin gwaji, inda aka san ba kowa ke leƙawa ba.

Wayar da ke hannunka

Prelink ta tafi amma tunaninta yana cikin aljihunka. Wayoyin Android, su Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwanninmu, suna da wani sashe mai suna Zygote. Idan ka kunna waya, shi ke fara ɗora laburaren da kusan kowace manhaja ke bukata, sau ɗaya. Duk manhajar da ka taɓa daga baya, daga jikinsa ake tsago ta da kayanta a shirye. Yana daga cikin dalilan da suka sa kunna waya ke ɗaukar lokaci amma buɗe manhaja ba ya ɗauka. Kuma kafin kamfani ya sami izinin sa manhajojin Google a wayarsa, sai wayar ta wuce wani babban tarin gwaji mai gudanar da kansa.

Daga nan za ku gane abin da ya sa muke shakkar manhajar ƙanenmu mai roka. Yawancin irinta abin da suke yi shi ne rufe manhajojin da ke jira a ƙwaƙwalwa. Ka ga lamba ta nuna an sami fili, ka ji daɗi. Amma da ka sake taɓa manhajar da aka rufe, sai ta faro daga tushe, ta ci lokaci ta ci batir. Wasu kuma talla ce kawai suke cusa maka.

Ba ma so ku yarda don mun faɗa. Ga aikin gida, ba ya bukatar data. Ku sami waya biyu, ɗaya ta gwaji ɗaya ta agogon ƙirga daƙiƙa, da littafi da biro. Ku zaɓi manhaja ɗaya. Ku kashe wayar ku kunna, ku jira minti biyu ta natsu, ku buɗe manhajar ku rubuta daƙiƙa nawa ta ɗauka. Ku fita, ku sake shiga, ku rubuta na biyun a wani layi daban, domin buɗewar farko da ta biyu ba abu ɗaya ba ne. Ku maimaita duka sau biyar. Ku jera lambobin kowane layi daga ƙarami zuwa babba ku ɗauki na tsakiya, kada ku ɗauki wanda ya fi yi muku daɗi. In akwai mai irin manhajar nan ta ƙara gudu a wayarsa, ya yi awon kafin ya danna ta da kuma bayan ya danna. Sannan ya duba abin da mu muka manta a gaban malam: bayan ta gama sharar, ƙararrawar da ya saita ta buga? Saƙonni suna shigowa a kan lokaci?

Ku aiko mana da abin da kuka samu ta hannun editan wannan shafi, da sunan makaranta da aji da irin wayar. Za mu buga na waɗanda suka fi tsara aikinsu, ko da sakamakon ya saɓa wa abin da muka faɗa. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu kawo ainihin gwajin ajin ƙaryar nan mai ɗalibai biyar, layi-layi, don masu ɗakin kwamfuta a makarantarsu su gwada da hannunsu.